Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Gadon Maharbi A Kan Ɗinyar Gonarmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Alhaji Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.





Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na takarda shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Shekara 20 da 'yan kai ina sayar da tocila da batir da fitilar goshi, irin wadda ake ɗaurawa a ka da roba don hannu ya samu sararin aiki. Na san sana'ar ba ta kai a rubuta wa gwamna wasiƙa a kanta ba. Amma wannan 'yar fitila ce ta haska mini wani abu da nake zaton bai iso teburinka ba.

Da hunturu ya kama, mutum biyu ne suka fi tsayawa a gaban rumfata suna nemanta. Na farko manomin rani ne daga wajen Kura ko Bunkure ko Garun Malam, ka gan shi da busasshen taɓo a dunduniya. Tambayarsa ɗaya ce, ko cajinta zai kai shi asuba, domin da dare yake ban ruwa. Na biyu maharbi ne. Shi babu ruwansa da asuba, kunna ta yake yi ya haska can ƙarshen layi ya ga ko haskenta na da tsini, saboda idon dabba zai nema da ita. Daga kwali ɗaya nake ciro musu, kuɗi ɗaya suke biya. Sai bara na gane ashe gona ɗaya nake tura su, a dare ɗaya.

Gonar tamu ce, gadon mahaifinmu, a wani ƙauye na kudancin jihar nan, ba nisa da Kogin Kano. Ƙanena ne ke zaune a kanta, ni nawa aika kuɗin taki da man inji. A kusurwarta ta gabas, inda ƙasa ta gangara fadama, akwai wata tsohuwar ɗinya da shi kansa mahaifinmu tarar da ita ya yi. Wani dare cikin watan Janairu, ɗan ƙanen nawa, yaro ɗan shekara 14, yana durƙushe yana juya ruwa a fangalin tumatir, sai ya ji ƙarar bindiga kamar a tsakar kansa. Ya yar da fartanya ya ruga gida babu ko takalmi. Da gari ya waye aka tarar tiyon ruwa ya huje wuri uku, taku kaɗan daga inda yaron ya durƙusa. Da aka ɗaga kai sama, sai ga gado a cikin ɗinyar. An gitta itace huɗu tsakanin rassa biyu, an buge da ƙusa mai inci shida, an shimfiɗa kara, an lulluɓe gefe da ganye. In ba nuna maka aka yi ba, sai ka wuce ta ƙarƙashi sau goma ba ka gan shi ba. Ga ɓawon gyaɗa da tukar rake a gindin bishiyar, alamar ba daren farko ba ne mai shi ya kwana a nan.

Na bar rumfa a hannun yaron shago na tafi. Sarkin Baka na yankin ya zo ya duba, ya ce ba ɗaurin yaransa ba ne, kuma na yarda da shi, domin dattijo ne da ba a san shi da ƙarya ba. Baƙo ne ya shigo. Mai unguwa ya jajanta mana ƙwarai, sannan ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce, "Alhaji, ko an kama shi, da me zan tuhume shi? Ai bai taɓa kowa ba, kuma da rani daji na kowa ne."

Ranka ya daɗe, wannan magana ta mai unguwa gaskiya ce, sai dai gaskiyar zamanin kakanninmu ce. A da, in aka gama girbi aka kai amfani rumbu, gona ta saku ke nan. Makiyayi ya shigo da shanu su ci kara su bar taki, mata su tsinci itace, mafarauta su fito da karnuka da kiɗa su bi zomo da gafiya da zabin daji. Ba a neman izinin kowa, don babu shukar da za a taka, babu kuma mutumin da zai kwana a fili. Al'adar ta zauna daidai ne a kan ƙasar da babu kowa a cikinta rabin shekara.

Ko a wancan lokacin ma farauta ba kara-zube take ba. Akwai Sarkin Baka, shi ke tsayar da rana da dajin da za a shiga, shi ke raba gardama in an yi rikici kan wanda ya fara kamu. Akwai kuma maharbi na ainihi, mai tafiya shi kaɗai, wanda zai ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci barewa. Ina son a lura da wannan mutum. Da rana yake aikinsa, shi ke zuwa wurin dabba, kuma kafin ya saki kibiya ya daɗe yana kallon abin da zai harba. Mai dako a kan gado ya sha bamban da shi. Yana zaune ne cikin duhu yana jiran duk abin da ya motsa, ga sanyi, ga gyangyaɗi, ga yatsa a kan kunamar bindiga. Yaron da ya durƙusa a fangali, daga sama cikin dare, bai fi girman gada ba.

Abin da ya sauya kowa ya san shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka buɗe noman rani na Kadawa, kudancin Kano ya daina barci da rani. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa suka cika gari, duk mai fadama ya zama manomin wata goma sha biyu. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin tumatir ya ga kwanduna, ko ya bi ta Kura ya ga shinkafa, ba sai an yi masa bayani ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar nan mutum fiye da miliyan 9, yau kuwa mun ƙaru ƙwarai. Dajin da ke tsakanin ƙauyuka ya koma gonaki. 'Yan namun da suka rage ba su da inda za su sami ɗanyen ganye da ruwa a tsakiyar rani sai gonar mai ban ruwa. Nama ya bi ruwa, maharbi ya bi nama, manomi kuwa dama yana nan yana gadin injinsa kada a ɗauke. Babu mugu a cikinsu ukun, wuri ne ya matse.

Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, yana nan a kudu da faɗinsa na kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da ta amince su zama sababbin gandun daji na ƙasa. Madalla da haka. Sai dai duk lokacin da aka ƙara tsaro a can, maharbin da aka koro ba gida yake komawa ya rungume hannu ba. Gefe yake ratsewa, gefen nan kuwa gonakinmu ne.

Na zauna da wani lauya mai sayen kaya a wurina na tambaye shi inda doka ta tsaya. Abin da na fahimta shi ne dokokin suna nan, amma kowace da inda ta sa gaba. Dokar namun daji da muka gada daga Jihar Arewa, ta 1963, dabba ce damuwarta: wacce aka hana kashewa ɗungurungum, wacce sai da lasisi. An yi ta Sardauna na raye, shekara huɗu kafin a ƙirƙiri Jihar Kano ma. Dokar makamai ta 1959 bindiga take kallo, kuma wannan hurumin Tarayya ne da 'yan sanda, ba naka ba. Pinal Kod ta san laifin kutse, amma sai an nuna mutum ya shiga da niyyar aikata laifi ko tsoratarwa ko muzanta mai wuri, shi kuwa mai gado zai rantse cewa gafiya ya zo jira. Dabba na da mai kare ta, bindiga na da mai lissafa ta, amma gadon da aka kafa a bishiyar wani, da bakin bindigar da ke fuskantar gonar maƙwabci, sun faɗa tsakani.

Dalilin da ya sa kai na rubuta wa, ba Abuja ba, shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ba ka da ikon ba da lasisin adaka, amma kana da ta cewa a kan abin da ake kafawa a bisa ƙasar da aka ba ka riƙo.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba hana farauta nake roƙo ba, kuma duk wanda ya kawo maka wannan shawara bai san karkara ba. Sana'a ce da addini ya halatta. Ko a Risala da muka karanta a zaure, farautar wasa ce aka karhanta, ta neman abinci halal ce. Mafarauta ne suka taimaka wa sojoji aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a ƙarshen 2014, kuma a ƙauyuka da yawa su ne ke kwana a bakin gari sauran jama'a su yi barci. Sau da yawa ma manomi da kansa ke zuwa da goro ya roƙi maharbi ya zo ya yi masa maganin biri ko gyadon da ya addabi rogonsa. Ni kaina da an tambaye ni, watakila da na yarda, na ce a bari sai daren da ba ma ban ruwa. Tambayar ce ba a yi ba.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne uwa: kada kowa ya kafa gado a bishiya, ko ya yi bukkar dako, ko ya haƙa ramin ɓuya, ko ya ɗana tarkon ƙarfe a gonar da ba tasa ba, sai da yardar mai ita a gaban mai unguwa. Ba sai an je sakatariya an cike fom ba. Littafi ɗaya a zauren mai unguwa ya isa: sunan maharbi, gonar wane, bishiya kaza, daga dare kaza zuwa dare kaza. In wa'adi ya cika ya kwance kayansa. A ɗaure da igiya, a bar buga ƙusa, don ɗorawa da kaɗanya da ɗinya dukiya ce, wata ma da ita ake aurar da 'ya. A kuma ɗaura wata alama a gindin bishiyar, ko jan ƙyalle ne, wadda mai wucewa da rana zai gani ya san akwai mai kwana a sama.

Wani zai ce, to in gonar mutum ce tasa ta kansa fa, ina ruwan gwamnati da abin da ya kafa a ciki? Na ji wannan magana a bakin maƙwabcina na rumfa, kuma ba ta wofi ba ce. A Amurka, inda hawa bishiya don dakon barewa ya zama ruwan dare, suna ta wannan gardama, amma su mai gona ɗaya na iya mallakar filin da ya fi ƙauyenmu duka. A jihohi irin su Texas, mai fili fenti shunayya kawai zai shafa a jikin bishiyoyin iyaka, doka ta ɗauka ya ce kada a shigo. A Jamus kuwa sai filinka ya kai hekta 75 a haɗe kafin a ɗauke shi dajin farautarka kai kaɗai. Mu fa? Gonar gado da aka raba wa 'ya'ya takwas, in ka tsaya a tsakiyarta ka yi tari na kusa zai ce maka sannu. Layin gamba ko bini-da-zugu da ya raba mu da maƙwabci yana tsayar da garma, ba ya tsayar da harsashi. Don haka ko a gonarka ne, dole maƙwabtan da ke kewaye su san daren da za ka hau, kuma kada bakin bindiga ya kalli hanya ko rijiya ko fangalin da ake shayarwa.

Roƙo na biyu ya fi na farko nauyi a zuciyata, kuma kai ka fi ni sanin dalili. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana daf da ƙaramar Sallah, aka tare matafiya a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da suka taso daga Jihar Ribas za su zo gida, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe mutum 16 kisan da baki ba ya iya faɗa. Kai ka karɓi Gwamna Monday Okpebholo a nan Kano, kuka je Torankawa ta Bunkure ta'aziyya. Mu a kasuwar nan mun ga wani gefen abin da ba a nuna a talabijin ba. Sabon Gari wuri ne da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da mutumin Edo ke raba inuwar rumfa ɗaya fiye da shekara 100. A kwanakin nan maƙwabtanmu 'yan kudu suna buɗe shago rabi-rabi, ido na kan titi. Wata baiwar Allah da muka shekara 15 muna canjin kuɗi da juna ta kasa haɗa ido da ni, alhali ba ta yi komai ba. Allah Ya rufa asiri Kano ta zauna lafiya, kuma dattawa da malamai da hukuma sun yi ƙoƙari.

Alhakin jinin nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, su kaɗai, kuma ba na cewa wata takarda za ta tsayar da taron da ya riga ya haukace. Amma abin ya nuna mana cewa mafaraucin Kano yana yawo da makami a ƙasar da tsoro ya cika, ba tare da wata hukuma ta jiharsa da za a kira a tambaya ko an san shi ba. Ina roƙon a yi rajistar maharba da mafarauta ta hannun Sarakunan Baka da hakimai a ƙananan hukumomi 44, a ajiye ta a hukumar jiha mai kula da namun daji. Kowa ya samu kati mai hoto da lamba, da layin waya da ke aiki dare da rana. Ayarin da zai fita wata jiha ya sanar kafin ya tashi, gwamnati ta sanar da takwararta. Lambar nan ita za a rubuta a littafin mai unguwa, ita za a rataya a jikin gado. Da haka manomi zai san wanda ke saman bishiyarsa, shi kuma mafarauci na gaskiya ya rabu da ɓarawon da ke fakewa da rigarsa. Domin mu faɗi gaskiya, gadon da ya dace da dakon gada ya dace da leƙen gidan da za a shiga a ɗauki mutum.

Mu 'yan kasuwa mun san darajar lamba. Kowace rumfa a nan tana da layi da lamba, kuma bayan gobarar watan Maris na 2016, da muka tsaya a kan toka ba a gane gabas da yamma, wanda ke da takarda a hannu ya fi kowa kwanciyar hankali. Amma mun san ɗaya fuskar ma, kuma a nan nake roƙonka da babbar murya. Kada katin nan ya zama sabuwar ƙofar karɓar kuɗi. Ranar da aka ɗora masa haraji, aka saki masu rasit a kan hanya, ranar ya mutu, mafarauta za su koma ɓuya fiye da da. Mutumin da abin da ya kamo a dare bai wuce zomo biyu ba, ba shi ne zai cike gibin kasafin kuɗi ba. A ba shi kyauta, ko a kan abin da bai fi kuɗin hoto ba. Kuma kafin a kai komai gaban Majalisa, a kira Sarakunan Baka da shugabannin manoman rani a zaunar da su wuri ɗaya. Sun san dare fiye da duk wanda zai rubuta daftarin.

Saura mu na cikin gari. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to maratayan suna nan Fagge. Naman dajin da ake bandawa a kawo, wanda ke ƙarewa a tukunyar farfesu a gidajen abincin Sabon Gari, ba daga sama yake faɗowa ba. Muddin ana saye ba a tambaya, za a ci gaba da hawa bishiyar kowa. Ba na son a kori kowa daga sana'arsa, yawancin masu wannan ciniki mata ne masu ciyar da gida. A dai ce mai sari ya san lambar wanda ya kawo masa, kamar yadda mahauci na kirki ba ya yanka saniyar da bai san mai ita ba. Ni ma ban fita ba. Tun daga abin da ya faru a gonarmu, duk wanda ya haska fitila ƙarshen layi yana neman tsini, sai na tambaye shi inda zai je da ita. Wasu su yi dariya su faɗa, wasu su ajiye su wuce rumfar gaba, inda ita ɗin ce dai a kan kuɗi ɗaya.

Ƙanena ya so ya hau ya farfasa gadon tun ranar da aka gan shi, na ce ya bari. Yana nan yadda aka same shi, karan ya fara ruɓewa, ƙusoshin sun yi tsatsa a jikin ɗinyar. Na bar shi ne ko Allah zai sa ka turo wani ya gani da idonsa, ni zan rufe rumfa in kai shi a kuɗin motata. Yaron kuwa har yau ba ya yarda ya fita ban ruwa in rana ta faɗi, sai ɗan ƙwadago muke ɗauka, shi ma sai da muka ƙara masa kuɗi da ya ji labari. Ga kaka ta gabato, kuma na riga na yi odar kwali 10 na fitilar goshi.

Allah Ya taimake ka, Ya ba ka mashawarta na gari.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mai sayar da fitilu,
Kasuwar Sabon Gari, Fagge, Kano.